Mashaƙo A Kafanchan: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Daga Wakilinmu

Cikin watan Yuli na shekarar 2023, damina ta kankama, manoman kudancin Jihar Kaduna kowa hankalinsa na kan gonar citta da ta masara, sai labari ya fito daga Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, cewa wata cuta ta shigo gari tana ɗaukar yara. Yaro zai kwana da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, kafin 'yan kwanaki wuya ya kumbura, numfashi ya soma gagara, sai a ji an ce rai ya yi halinsa. Jaridu sun ba da labarin cewa yara wajen goma, 'yan tsakanin shekara 3 zuwa 13, suka rasu kafin a tabbatar da sunan abin da ke kashe su, har a kanun labarai ma "baƙuwar cuta" aka yi ta kiranta.

Ba a daɗe ba Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwa cewa mashaƙo ne. Ta ambaci mazaɓun Takau da Kafanchan A da Kafanchan B a matsayin wuraren da aka ga alamunsa, Gwamna Uba Sani kuma ya umarci Ma'aikatar Lafiya ta aika da ma'aikatan gaggawa. Babban asibitin garin, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, shi ya karɓi marasa lafiya.

Abin takaici a nan shi ne mashaƙo ba baƙo ba ne ko kaɗan. Allurar rigakafinsa ta kai wajen shekara ɗari a duniya, a Nijeriya kuma kyauta ake yi wa jarirai ita a asibitocin gwamnati, manya da ƙanana. Duk da haka, tun daga watan Disamba na 2022 da aka ba da rahoton ɓullarsa a Kano da Legas har zuwa watan Maris na 2025, Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 1,300 da suka rasu, kuma Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki. Cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu, waɗanda suka sami cikakken rigakafi ba su kai kashi 20 cikin 100 ba.

To, magani na nan, kuɗi ba a nema, me ya shiga tsakanin allurar da cinyar yaro? Amsar tambayar nan ta shafi gwamnati, ta shafi ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, ta kuma shafi mai karatu kansa.

Yadda Cutar Ke Kisa

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo mashaƙo, tana bin tari da atishawa da yawu daga wannan zuwa wancan. Kwana biyu zuwa biyar bayan ta shiga jiki sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro su taso, sa'an nan wata yana mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, ta yi ta kauri har ta tare hanyar iska. Ban da wannan, ƙwayar tana sakin dafi cikin jini, dafin kuwa yana taɓa zuciya da jijiyoyi. Shi ya sa akan ga yaro ya yi kamar ya sami sauƙi, bayan mako ɗaya ko biyu zuciyarsa ta kasa. Akwai allurar karya dafin, amma tana cin dafin da ke yawo cikin jini ne kawai, wanda ya riga ya kama tsoka ya fi ƙarfinta. Saboda haka kowace rana aka ƙara a gida, an rage wa likita abin da zai iya yi. Likitoci sun ce ko da an sami magani, mutum biyar zuwa goma cikin ɗari sukan rasu, in kuwa babu magani abin yakan kai rabi.

A ƙasarmu, in yaro ya kasa haɗiya, abin da ke fara zuwa a ran iyaye shi ne beli ko hakin wuya, sai a nufi gidan wanzami, ko a aika a sayo ƙwaya a kemis. Yanar mashaƙo kuwa in aka taɓa ta jini take yi, kuma yankan ba ya kashe ƙwayar, balle ya karya dafin. Kafin a gane ba beli ba ne, kwanakin da likita ke bukata sun wuce.

Rigakafin allura uku ce, ana yi wa jariri in ya cika mako 6, da mako 10, da mako 14. Tun shekarar 2012 aka haɗa ta cikin allura guda mai tsare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da ciwon hanta. Dalilan da ke hana yaro samun ukun nan suna da yawa, kuma zalunci ne a ɗora su duka a kan iyaye. Akwai nisan asibiti, akwai rashin tsaro a hanya, akwai uwar da ta je sau biyu ba ta tarar da ma'aikaci ba, akwai wadda aka yi wa tsawa a gaban mata 'yan'uwanta ta rantse ba ta komawa, ga kuma kullen korona na 2020 da ya katse zuwa awo a wurare da yawa. Waɗannan duk kuɗi da kyakkyawan tsari suna maganinsu. Wanda ya fi wuyar magani shi ne zargi, wato iyaye su ga allurar a gabansu su ce ba su yarda da wanda ya kawo ta ba.

Garin Da Hanyoyi Suka Haɗu

Kafin a fahimci nauyin kalmar yarda a Kafanchan sai an san garin. Jirgin ƙasa ne ya raya shi. Wajen shekarar 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso nan, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Aikin reluwe da kasuwanci suka tara Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Ham da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa a wuri guda, Hausa ta zama harshen kasuwa da na coci da na masallaci baki ɗaya. Yankin kuma ba baƙon asibiti ba ne, gama mishan sun daɗe da kafa ɗakunan shan magani a ƙasar. Asibitin St. Louis na Zonkwa, da makarantar koyon aikin lafiya ta ECWA a Kagoro, da makarantar nas-nas da ungozoma ta Kafanchan, sun yaye ma'aikatan da ke aiki ko'ina cikin Arewa.

Amma garin ya sha wuya. Cikin watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, labarinsa ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina da ƙari a kai, wuta ta kama a can ma. An sake yi a 1999, aka kuma yi mafi muni cikin watan Afrilu na 2011 bayan zaɓe, lokacin da babbar kasuwar garin ta ƙone. Daga nan zama ya ja baya, mutane da yawa suka koma unguwannin da nasu suka fi yawa. Hare-haren da aka yi ta kaiwa ƙauyuka, irin su Godogodo da Goska a 2016, sun ƙara raba mutane da gidajensu, suka mai da manoma da makiyaya masu jiran taimako.

A wuri irin wannan, in farar mota ta tsaya a bakin unguwa da akwatin magani, kafin a tambayi abin da ke cikin akwatin sai an tambayi wa ya aiko, su wa ke cikin motar, kuma wace unguwa suka fara zuwa. Ma'aikacin agaji da ya zo daga Abuja ko daga Turai yakan ɗauka cewa tun da niyyarsa alheri ce kowa zai gani a fuskarsa. Mutanen da aka sha yi wa alkawari ba a cika ba, ba sa karanta niyya a fuska.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Zargin allura a Arewa yana da tarihi, kuma tarihin bai tsaya a garin da aka yi shi ba, gama abin da ya faru a Kano da safe, kafin dare an ji shi a tashar motar Kafanchan.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ta fama da marasa lafiya, suna ba da sanannen magani kyauta. Cikin wannan hali sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a asibitin nan guda, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga kashin farko, shida daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye da dama sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya sami izinin hukuma da yardar iyaye da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Cikin watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta tona maganar, aka shiga shari'a, har a 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba.

Ko yaya shari'a ta ƙare, abin da ya zauna a zukatan talakawa ɗaya ne. Uban da ya ɗauko ɗansa a kafaɗa ya shiga asibitin nan ba shi da hanyar da zai bambance Baturen da ya zo ceton rai da wanda ya zo gwajin haja. Duka fararen riguna ne, duka kyauta suke bayarwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bashin da wani ya ci, ma'aikatan agajin da suka zo bayansa su aka bi.

A shekarar 2003 aka ga sakamakon. Shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, Dakta Ibrahim Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ya yi zargin cewa an gurɓata maganin ɗigon shan-inna da abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Talakawa kuma suna da tasu tambayar, wadda ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba a lokacin: yaya aka yi zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ke kashe 'ya'yanmu, in mun je asibiti sai mun biya, amma maganin cutar da ba kasafai muke gani ba ana bin mu da shi gida-gida kyauta? Gwamnatin Tarayya ta tura kwamiti ƙasashen waje aka auna maganin, aka ce lafiyarsa lau. Kano ba ta koma ba sai ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Cikin watan Oktoba na shekarar nan Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a.

Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Yaran da shan-inna ta kama a Nijeriya su 202 ne a 2002, amma a 2006 sun haura 1,100, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiya. Zargin ƙarya ne, ba a taɓa samun shaidar cewa ɗigon ya hana kowa haihuwa ba, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau ga su nan da goyo. Amma ƙaryar ta sami gindin zama ne domin ta jingina da abin da ya faru da gaske. Mafi muni kuma, uwar da aka tsorata da ɗigo ba ta tsaya rarrabewa ba, sai ta haɗa da sauran alluran jarirai ta guje musu duka.

Manyan ƙasashe ma sun ƙara wa wutar itace. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da wani likita a Pakistan, ya shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad don a gano maɓoyar Usama bin Laden. Bayan asirin ya tonu, masu ɗigon shan-inna da ba su ji ba ba su gani ba aka riƙa harbewa a can. A nan gida ma, ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata.

Daren Gishiri

Akwai wani darasi dabam da ya zo cikin shekarar 2014, wanda duk mai wayar hannu a wancan lokaci zai tuna. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola, tsoro ya cika ƙasa. Cikin daren Alhamis wayewar Juma'a 8 ga Agusta, sai wayoyi suka yi ta ƙara daga Legas har Sakkwato: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Mutane da yawa suka bi. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata, amma bayan an riga an sha. Jaridu sun ba da labarin mutum biyu aƙalla da suka rasu da kuma wajen ashirin da aka kwantar a asibitocin Jihar Filato, maƙwabciyar Kafanchan. Ita Ebola, mutum 20 ta kama a ƙasar nan, ta kashe takwas, ba ta kuwa taɓa tsallako Arewa ba. Gishiri ya yi kisa inda cutar ba ta taka ba.

Abin lura a nan shi ne wanda ya buga wayar. Ba maƙiyi ne ya tashe ka ƙarfe uku na dare ba, mahaifiyarka ce, ko yayanka, ko abokin da kuka tashi tare, kuma ƙauna ce ta sa ya kira. Jita-jitar lafiya da ƙafar masoyi take tafiya, shi ya sa take riga sanarwar hukuma isa gida. Yau da WhatsApp da Facebook suka shiga kowane aljihu, saƙon murya guda yakan zaga unguwa kafin likita ya gama rubuta rahoto. Wanda duk ke son gaskiya ta isa inda ƙarya ta isa, dole ya sa ta a bakin da mutane suka saba ji.

Sandar Awo A Ƙasar Kauru

Wannan ba zance ne na fatar baki ba, an gwada an gani, kuma a kudancin Kaduna aka gwada. Shekaru da dama ƙauyukan bakin rafi na Kauru da Lere suna fama da wata cutar makanta wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa. Ƙudan yana hayayyafa a ruwa mai gudu, in ya ciji mutum ya zuba masa tsutsa, tsutsar ta hayayyafa a ƙarƙashin fata, ta kawo ƙaiƙayi mai hana barci, daga bisani ta kashe ido. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta har ranar da za a daina bukatarta. Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ta jagoranci binciken da ya nuna cewa shan ƙwayar sau ɗaya a shekara yana tsare jijiyar ido, ƙungiyar agaji ta Sightsavers kuma ta haɗa hannu da gwamnatin jiha wajen rabawa.

In ana neman maganin da jita-jita za ta so, to, ga shi. Daga Amurka ya fito, kyauta ne, ana ba mai lafiya da marar lafiya, ana hana mai ciki, kuma wanda tsutsa ta yi wa yawa in ya sha karon farko jikinsa yakan yi ƙaiƙayi ya kumbura na 'yan kwanaki. Amma tsarin da aka bi, wanda ya zama ƙa'ida a ƙasashen Afirka daga 1997, ya toshe ƙofar. Mutanen ƙauye su ke zama su zaɓi mai raba musu magani daga cikinsu, su ke sa ranar da ba za ta ci karo da aikin gona ba. Mai rabon yana da sanda mai zane-zane, a tsai da mutum a jikinta, tsawonsa ya nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko biyu ko uku ko huɗu, kowa na kallo. Tun kafin a sha an gaya wa mutane ƙaiƙayi na iya zuwa kuma zai wuce. Mai rabon ba ya shiga mota ya tafi, gobe za a gan shi a gona, shi ma ya sha, iyalinsa sun sha. Ga kuma amfanin da ido ke gani, domin ƙwayar tana fitar da tsutsar ciki, tana kashe ƙwarƙwata.

A shekarar 2008 masu bincike suka koma waɗansu ƙauyuka a yankin Kauru da Lere da kuma na Birnin Gwari, inda a da kimanin rabin mutane ke ɗauke da tsutsar. Suka auna mutum 3,703, ba su sami ko ɗaya da ita ba. Kafin shekarar 2020 hukuma ta bayyana cewa an katse yaɗuwar cutar a Jihar Kaduna. Da ɗan gari akan ci gari.

Shan-inna ma ta wannan hanya aka ci ƙarfinta. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin. Aka ɗauki mata daga cikin unguwanninsu su riƙa shiga gidaje suna zantawa da 'yan'uwansu mata a wurin suna da biki. Waɗanda cutar ta gurgunta suka fito a kan kekunansu suna cewa a dube su. Aka kuma amsa tsohuwar tambayar nan ta talakawa, aka riƙa kafa rumfar duba marasa lafiya tare da ɗigon, mai zazzaɓi ya sami magani. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Nijeriya a Jihar Barno ne cikin 2016, ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Dattawa za su tuna haka aka yi da agana, lokacin da masu lamba suka zaga ƙasa daga 1967, mai shela a gaba, dagaci a zaune, har cutar ta ɓace daga Nijeriya a 1970.

Abin Da Ya Rage A Yi

Kafanchan ba ta rasa harsashin da za a ɗora gini a kai ba. Ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga Ƙananan Hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachiya da Zangon Katab suka sa hannu a takardar zaman lafiya a garin, bayan zaman sulhu da wata cibiyar sasantawa ta birnin Janiba ta shirya. Akwai kuma ƙungiyoyin gida irin Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta yi shekaru a unguwar Bayan Loko tana ba mata rance, tana koyar da kwamfuta, tana kula da masu ciwon sikila. Ƙungiyar da mutane suka sani tun ranar da babu annoba, ita za su buɗe wa ƙofa ranar da annoba ta zo.

Na farko, hukuma ta riƙa faɗin sunan cuta da wuri. Kwanakin da ake cewa "baƙuwar cuta" su ne kwanakin da kowa ke raɗa mata sunan da ya ga dama, wani ya ce iska, wani ya ce sammu, wani ya ce maƙiya ne suka zuba wani abu. Ko sakamakon awo bai fito ba, a fito a ce ga abin da muke zato, ga alamunsa, ga inda za a kai yaro. A faɗa da Hausa, a faɗa da Tyap da Jju da Hyam da Fulatanci, a rediyo da masallaci da coci rana guda.

Na biyu, a daina ɓoye wa iyaye abin da allura ke jawowa. Allurar jarirai takan kawo ɗan zazzaɓi da kumburi a cinya na kwana ɗaya ko biyu. Uwar da aka gaya wa tun farko za ta ce abin da malamar asibiti ta faɗa ne ya faru. Wadda ba a gaya wa ba za ta ce abin da maƙwabciya ta faɗa ne ya tabbata.

Na uku, ƙungiyoyin agaji su dubi waɗanda suke ɗauka aiki da inda suke fara sauke kaya. A gari irin Kafanchan, ayarin da ya haɗa Musulmi da Kirista, aka ga ya shiga wannan unguwa da waccan da akwati guda, ya yi rabin wa'azinsa tun bai buɗe baki ba. Fadar Sarkin Jama'a da ta Agwam Fantswam da ta Sarkin Kagoro da sauran sarakunan yankin, da ardo-ardon Fulani, da shugabannin mata na coci da na Islamiyya, a shigar da su tun ranar shawara, kada a tuna da su sai ranar da mutane suka ƙi fitowa. Wanzamai da masu kemis da ungozomar gargajiya su ma a koya musu alamun mashaƙo, gama su ke fara ganin yaron.

Na huɗu, in an yi kuskure a amsa shi a fili. Cikin watan Disamba na 2021 Gwamnatin Tarayya ta tara 'yan jarida a Abuja ta lalata allurar korona fiye da miliyan ɗaya da aka ba Nijeriya gudummawa dab da ƙarewar wa'adinta. Abin kunya ne ga masu bayarwa, amma yin sa a gaban jama'a ya fi a ɓoye a bari wani ya tono. Haka nan duk mai son gwada sabon magani a kan 'ya'yan mutane, ya yi bayani da harshen da uba ke ji, ya kuma bar masa damar cewa a'a.

Saura kai mai karatu. In saƙo ya shigo wayarka yana cewa kada a yarda da allura kaza, ko a sha abu kaza, tambayi wanda ya aiko daga wa ya ji, in ya ce shi ma turo masa aka yi, to, ya tsaya a kanka. Tambaya ba laifi ba ce, haƙƙinka ne ka tambayi ma'aikacin lafiya sunan allura da amfaninta da abin da takan jawo, shi kuma wajibinsa ne ya amsa ba da tsawa ba. Yau da dare a ɗauko katin awon yara a duba ko alluran nan uku sun cika. In ba su cika ba, ko yaro ya yi wayo, a kai shi asibiti a tambaya, ana iya cike gurbin. In kuwa aka ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a raba shi da sauran yara, a nufi asibiti a ranar, kada a biya ta gidan wanzami.

Yaran da suka rasu a Kafanchan cikin daminar 2023 ba za su dawo ba. Allah Ya ba iyayensu haƙuri, Ya raya ƙannensu. Hukuma da masu agaji kuma su tuna cewa yardar jama'a ba a lodo ta cikin mota tare da akwatin magani, tun da sauran lafiya ake nemanta, gama ba a fafe gora ranar tafiya.